Ya zan koya wa ɗaliban tsara cikin gida aiki da AI ba tare da hannunsu ya mutu ba?

Wa alaikumus salam Malama. Tambayarki in na fahimta daidai ita ce, an ba ki ajin 'yan shekara ta biyu a kwas ɗin tsara cikin gida, kin lura kusan rabin ajin sun fara kawo miki hotunan falo da ɗakin kwana da suka haɗa da ƙirƙirarriyar basira wato AI, manyan malaman sashenku wasu na cewa a hana kwata-kwata wasu na cewa a ƙyale su zamani ne, ke kuma kin rasa ta inda za ki kamo bakin zaren. Toh ni na daɗe ina koyar da wannan fanni kuma ina fita aiki gidajen mutane, tun ƙarshen 2022 nake fama da wannan magana a aji, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona da kuma yadda nake yi yanzu.

Maganar hanawa dai ki cire ta a ranki, ba za ta yiwu ba. Midjourney, wato manhajar AI da ke haɗa hoto daga abin da ka rubuta mata, ya buɗe wa jama'a a Yulin 2022, Stable Diffusion mai irin wannan aikin ya fito a Agustan shekarar, ChatGPT mai rubutu ya biyo baya a ƙarshen Nuwamba, a 2023 Adobe suka saka nasu Firefly a cikin Photoshop, tun 2024 kuma Meta AI na zaune a cikin WhatsApp ɗin kowane ɗalibi a Najeriya, yaro na kwance a hostel zai rubuta layi biyu hoto ya fito masa. In kin hana abin da zai faru kawai shi ne za su ci gaba da yi a ɓoye su kawo miki su ce su suka zana, kin ga an ƙara musu darasin ƙarya a kan rashin iya aikin. Kuma ranar da suka gama makaranta kwastoma da kansa zai zo musu da hoton AI a waya ya ce irin wannan nake so, ni ya faru da ni ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, to wanda bai taɓa sanin yadda hoton nan yake fitowa ba me zai ce wa mutumin?

Amma masu cewa a hana ɗin ma fa tsoronsu na da tushe, kada ki raina su. Abin da suke gudu shi ne yaro ya ɗauka hoto mai kyau shi ne aikin, alhali mu abin da muke sayarwa ɗaki ne da mutum zai shiga ya zauna ya buɗe ƙofar sif ba ta bugi gado ba. Ni abu ɗaya na riƙe a duk koyarwata, ɗalibi ba ya taɓa AI sai ya auna ɗakin da tef da hannunsa ya zana filan ɗinsa, kuma duk hoton da ya fitar sai ya mayar min da shi zanen da kafinta zai iya aiki da shi da lissafin kuɗin da mai gida zai iya biya. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan ya rataya.

Ranar farko ba na buɗe kwamfuta don a yi ado, bayanin yadda abin yake aiki nake yi, don in suka gane wannan rabin matsalar ta kau. Nakan ce musu ku tuna tsohuwar talabijin idan babu tasha, wannan dusar baƙi da fari da take cika fuskar, to manhajar daga irin wannan dusar take farawa, tana goge ta kaɗan-kaɗan mataki bayan mataki tana karkata ta zuwa abin da ya yi kama da kalmomin da ka rubuta mata, har hoto ya bayyana. Kamannin kuma ta koye su ne daga tarin hotunan intanet da rubutun da ke jikinsu, misali Stable Diffusion na farko an horar da shi da hotuna daga tarin wata ƙungiya a Jamus mai suna LAION, babban tarin nasu ya haura hotuna biliyan 5. To a duk wannan aikin babu inda aka auna komai. Manhajar ba ta san bulo inci 9 ba ne ko inci 6, ba ta san akwai bim a saman ƙofa ba, ba ta san bayan bangon nan banɗaki ne da bututun ruwa ba. Ta san dai yadda hoton falo mai kyau yake kama a ido, shi ke nan, kuma ta ƙware a wannan ƙwarai da gaske, wanda shi ne ma haɗarin.

Abin da ya sa na tsananta a kan awo wani abu ne da ya faru da wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari wallahi. Yayarta za ta yi aure aka ce tunda kina karanta abin ke za ki tsara ɗakin amarya. Ta haɗa hoto a waya, gado babba a tsakiya, sif daga bango zuwa bango, madubi da kujerarsa, kujeru biyu na hutawa da ɗan tebur a gaban taga, ga fili fetal a tsakiya an shimfiɗa kafet. Iyaye suka gani suka yi ta sa albarka, har an ba kafinta kafin alƙalami. Ta zo ta nuna min tana murna, na ce ɗakin nawa ne, ta ce irin na gidan haya ne sha biyu sha biyu. Na miƙa mata tef da alli na ce zo mu zana a ƙasan situdiyo. Ƙafa 12 mita 3.6 ke nan. Gado shida da shida in an haɗa da katakonsa da allon kai ya ci kusan mita 2, sif zurfinsa santimita 60, abin da ya rage tsakaninsu mita 1, ƙofar sif in ta buɗe ta cinye rabin wannan, kujerun hutawa biyu ko ɗaya babu inda za ta zauna, sif ɗin ma a hoton ya rufe daidai inda ƙofar banɗaki take a ainihin ɗakin. Ta tsaya a cikin layin allin nan ta yi shiru tana kallon ƙasa, idonta ya kawo ruwa, don ta gane ɗakin da ke hoton ya kai mita 6 ko fiye, kuma sai ta koma gida ta warware abin da kowa ya riga ya sa rai. Mun zauna mun gyara, aka yi sif mai ƙofar turawa gefe, aka cire kujerun aka mayar da madubin jikin sif, ɗakin ya yi kyau daidai gwargwado, amma ba zan manta fuskarta ba. Tun daga ranar duk ajin da na karɓa sai sun yi wannan zanen allin a ƙasa, su kawo hoton AI da suka fi so su gwada cusa shi a cikin sha biyu sha biyu, gani ya kori ji.

Don haka makonni huɗun farko ni babu mai aiki da AI sam. Kowa ya je ya auno ɗaki na gaske, nasu na gida ko shagon ɗan'uwa ko ofis, da tsawo da faɗi da tsayin silin, da inda taga take da tsayinta daga ƙasa, da soket da makunnin wuta, da inda rana take shigowa da safe da yamma, ya zauna da mutanen da ke amfani da ɗakin ya tambaye su yadda suke rayuwa a ciki. Su haddace awon jiki da ba a wasa da shi, ƙofa santimita 90 da mita 2.1, kantar kicin wajen santimita 90, teburin cin abinci 75, mazaunin kujera 45, keken guragu na son da'irar mita 1.5 kafin ya juya. Littafin awo na Neufert na nan a kusan kowane laburaren sashen gine-gine, su buɗe shi da hannunsu. Su zana da fensir, sannan su ɗora a manhajar zanen gini irin AutoCAD ko SketchUp. Tun ran gini tun ran zane, wanda bai samu wannan a farko ba da wuya ya samu daga baya in ido ya riga ya saba da hoton da ke fitowa a cikin daƙiƙa 30.

Bayan nan sai a buɗe manhajar, kuma gaskiya inda take da amfani tana da amfani sosai, ba na ɓoye musu. A da ɗalibi zai kwana uku yana renda ɗaya, wato mayar da zane hoto mai kama da gaske, a laftof mai zafi ga wuta ana ɗaukewa, in ya gama ba ya son a taɓa masa komai don ya sha wuya, ko kin ce launin bai yi ba sai ya yi ta kare shi. Yanzu a awa ɗaya zai ga ɗakinsa da fenti iri 10, da silin POP da na katako, da labule mai nauyi da marar nauyi, ya zama yana iya zubar da dabarar da ba ta yi ba babu ciwon rai, kuma wannan babban abu ne a tarbiyyar mai zane. Tana kuma taimaka wa yaron da yake da ido amma hannunsa bai faɗa ba tukuna, da wajen magana da kwastoman da ba ya iya karanta filan, ka nuna masa layuka ya yi ta gyaɗa kai bai gane komai ba amma yana ganin hoto zai ce a'a ni ba na son duhu haka.

Sai dai hanyar shiga tana da muhimmanci. Akwai bambanci tsakanin ka rubuta kalmomi kawai manhaja ta ƙirƙiro maka ɗakin da babu shi a duniya, da ka ba ta zanenka ka ce ta yi masa sutura. Ta biyun nake koyarwa. A Fabrairun 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford a Amurka suka fitar da ControlNet, wanda yake ɗaure Stable Diffusion a jikin layukan zanenka ko zurfin ɗakin, bango ya tsaya inda ka ajiye shi taga ta tsaya inda take, launi da kaya da haske ne kawai suke canzawa. Irin wannan dabarar ce SketchUp suka saka a nasu Diffusion, akwai kuma Veras da ake liƙa wa manhajojin zane irin Revit da SketchUp da Rhino. Ko babu ko ɗaya daga cikinsu, ɗalibi na iya ɗaukar hoton fuskar SketchUp ɗinsa ya ba manhajojin waya masu gyara hoto ya ce a bar gini yadda yake. Duk da haka sukan zame fa, sai ki ga taga ta ƙara faɗi ko an ƙirƙiro ƙofa a bangon maƙwabci, shi ya sa nake sa su buga hoton a takarda su ɗora takardar kwafi mai shara-shara a kai su bi da jan biro suna zagaye duk inda hoton ya saɓa wa awonsu. Wanda ya fi kowa kamo kurakurai shi ya fi maki a wannan darasin, kuma za ki sha mamakin abin da suke tonowa, matakala da ba ta kai ko'ina ba, fitila mai rataye ba wayar da ta riƙe ta, kujera mai ƙafa uku, inuwa ta faɗi gabas haske ma daga gabas, fanka a manne da silin ɗin da bai kai mutum ya ɗaga hannu ba.

Maganar rubuta umarni kuwa, wato kalmomin da ake rubuta wa manhajar, kada ki ɓata mata mako guda, mutane na kambama ta ne kawai. Wanda ya san sunan kaya da salon gini da irin haske shi zai rubuta umarni mai kyau, wanda bai sani ba zai rubuta falo mai kyau na zamani ya samu abin da kowa yake samu. Ki koya musu fannin, umarnin zai zo da kansa. Abin da nake nema kawai kowa ya ajiye littafin aiki, me ya rubuta, me ya fito, me ya sa ya ƙi wannan ya ɗauki wancan.

Yanzu ga inda abin ya fi ci min rai, kuma nan nake so ki fi ba ƙarfi tunda ɗalibanki a nan za su yi aiki. Hotunan da aka horar da manhajojin nan da su yawancinsu gidajen Turai da Amurka ne da otal-otal da tallan kamfanonin kayan ɗaki, namu kaɗan ne a ciki kuma wanda ke akwai ma ba a rubuta masa bayani daidai ba. Na sa aji sun rubuta falon gargajiya na Hausa, abin da ya riƙa fitowa fitilun Maroko ne masu huji-huji da tayil ɗin birninsu na Fas, in kuma suka sa kalmar Afirka sai ga fatar damisa da dodon katako a bango da rufin ciyawa. Babu zaure, babu soro, babu bakan gizo mai riƙe rufin ɗaki, babu zanen bango irin na Zariya ko Birnin Damagaram, babu jeren kwanuka na ɗakin uwargida. Abin da ya tsorata ni shi ne wasu yaran sun karɓa, 'yan Kano haifaffun cikin Badala suna nuna min ɗakin Marrakesh ta Maroko suna cewa gargajiya, don ba su taɓa tsayawa sun kalli nasu da idon mai zane ba.

Sai na kwashe su muka tafi Gidan Makama da littafin zane, na ce kowa ya ɗaga kai. Suka ga yadda bakan gizo ke tashi daga bango ya haɗu a sama ya raba rufin gida-gida, na yi musu bayanin azara da ake fasawa daga giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da yadda gajartar tazarar da azara ke iya ɗauka ce ta sa magina suka ƙirƙiro bakan don su samu ɗaki mai faɗi, wato adon nan da kuke gani lissafin ɗaukar nauyi ne ya haife shi. Na ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, mutum ya rufe fili mai girma haka da ƙasa da azara. Suka taɓa kaurin bangon tubali suka ji sanyin ciki da rana tsaka ba esi ba fanka. Da muka dawo sai suka yi aiki da hotunan da suka ɗauka da zanen hannunsu a matsayin abin da manhajar za ta bi, sai ga abu ya fara kama da namu, wani yaro ya ɗauko tsarin bakan gizo ya fassara shi a silin POP na ɗakin karatu, wata ta ɗauko shuɗin marinar Ƙofar Mata ta yi labule da matasan kujera a kan farin bango. AI ɗin ce dai ta jiya ba ta ƙara ilimi ba, yaran ne suka je suka ciko idonsu.

Kuma ba ado kaɗai ba, har yadda muke zama a gida ba ta sani ba. Za ta ba ki kicin a buɗe cikin falo, mu da muke soya manja da daddawa da daka a turmi, ga baƙin maigida da bai kamata su hango cikin gida ba. Za ta ba ki gilashi daga ƙasa har sama yana kallon yamma a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu. Za ta ba ki farar kujerar yadi da kantoci a buɗe cike da kayan ado, ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san wa zai goge ba. Wani lokacin har murhun jin ɗumi take sakawa a bango. Ba ta barin filin da za a shimfiɗa ledar cin abinci ko a yi sallah, ba ta san ranar suna mata talatin za su cika falon a zauna a ƙasa ba, ba ta san akwai masu gidan da za su ce kada masai ya fuskanci alƙibla ba, ba ta san wurin alwala da buta ba, duk haskenta kuma na fitilun ɓoye ne da in an ɗauke wuta ɗakin ya zama kogo. Wannan jerin nakan sa ɗalibai su rubuto shi da kansu daga gidajensu, kowane hoto a bi shi da shi.

Daga nan sai kasuwa. Duk abin da ke cikin hotonka sai ka nuna min inda ake sayar da shi da farashinsa na wannan makon, in babu ka kawo madadinsa. 'Yan Kano su shiga Ƙofar Ruwa su shiga Kwari don yadin labule, na Abuja su je Dei-Dei, su zo da guntun samfur a hannu. A nan ne yaro yake gane allon katako ƙafa 8 da 4 yake zuwa, don haka ƙofar sif mai lanƙwasa mai tsayin mita 3 babu gaɓa da ya gani a hoto sai dai a sake tunani. A nan zai lissafa cewa ɗaki sha biyu sha biyu tayil mai 60 da 60 guda 36 yake ci, kwali galibi guda 4 ne wato kwali 9, a ƙara ɗaya saboda yanka da fashewa. Ina kuma gayyato kafinta da mai POP na gaske su zo aji ranar duba aiki, su kalli zanen su ce wannan zai yiwu wannan ba zai yiwu ba, maganarsu ɗaya ta fi laccata uku shiga kunnen yara, kuma yana koya musu girmama masu sana'a tun yanzu don da su za su ci abinci.

Irin su ChatGPT masu rubutu kuma, suna da amfani wajen tsara tambayoyin da za a yi wa kwastoma ko gyara wasiƙar neman aiki, amma ki gargaɗe su da babbar murya a kan lambobi. Zai ba ka farashin tayil ko wani sashe na dokar gini da cikakken ƙarfin hali alhali shi ya haɗa abinsa. Najeriya na da kundin dokar gini na ƙasa tun 2006, duk wanda ya kawo min lamba daga AI sai ya nuna min shafin da ya tabbatar da ita, musamman abin da ya shafi matakala da hanyar fita in gobara ta tashi da wayar wuta, don nan rai ne.

Sai amana, wadda nake ɗauka da nauyi. Ɗakin kwanan mutane sirrinsu ne, yaro ya shiga ɗakin matar aure ya ɗauki hoto da hotunan iyali a bango ya tura wa manhajar da kwamfutocinta ke wata ƙasa ba tare da ya tambaya ba, wannan cin amana ne ko da bai yi nufi ba. Da yawa ba su san cewa a Midjourney hotunan da ka haɗa a buɗe suke ga sauran jama'a ba, sai dai in ka biya tsari mai tsada da ke ɓoyewa. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a Yunin 2023. Ƙa'idata ita ce a nemi izini, a cire fuska da duk abin da zai nuna gidan waye, in da hali ma a yi aiki da zanen SketchUp maimakon hoton ɗakin. Haka nan duk hoton AI da za a nuna wa kwastoma a rubuta a jikinsa cewa na nuna dabara ne, ba alƙawarin abin da zai fito ba, kuma haramun ne a ajina ka saka shi a kundin ayyukanka ko Instagram kamar aikin da ka gama a gidan wani. Su kuma san cewa mallakar hoton ma magana ce da ba ta zauna ba, a Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce hotunan da Midjourney ya haɗa a wani littafin labari mai zane ba su da kariya, sai rubutun da jerin da mutum ya yi da kansa, a shekarar kuma kamfanin sayar da hotuna na Getty Images da wasu masu zane suka kai kamfanonin AI masu haɗa hoto kotu a kan an kwashi ayyukansu ba izini. Shi ya sa ba na yarda a rubuta sunan wani mai zane mai rai a ce a kwaikwayo salonsa.

Kuɗi ma ki duba, don ba duka ɗalibai ne ɗaya ba. Midjourney sun rufe gwajin kyauta tun 2023, ƙaramin tsarinsu dala 10 ne a wata, ga data ga wahalar biya da kati, in kin ce dole sai shi kin ba 'ya'yan masu hali maki kyauta. Ni na kyauta nake sa kowa ya yi aikin aji da su, sannan muka yi ta bin sashe har aka samu kwamfuta ɗaya mai katin hoto na NVIDIA aka saka mata Stable Diffusion, ba ta buƙatar intanet in an gama saukewa kuma hotunan mutane ba sa fita daga ɗakin, ana bin layi. Kada kuma ki gina kwas ɗin a kan manhaja ɗaya, kafin su gama makaranta ta canza ko ta mutu.

Rabon maki shi ne zai gaya wa yara gaskiyar abin da kike so, duk abin da kika faɗa a baki in maki na bin kyan hoto to hoton za su bi. Nawa a cikin 100, awo da filan da zanen fuskar bango suna ɗaukar 35, dacewa da rayuwar masu ɗakin 20, kaya da lissafin kuɗi 20, littafin aiki da kamo kurakuran AI 15, kyan hoton kansa 10. Ranar kare aiki kuma a tsaye ake yi babu waya, in nuna wuri a hoton in ce wannan kantar me ya riƙe ta, tsayinta nawa, da me za a yi ta, in mai gida ya ce kuɗinsa rabin wannan ne me za ka fara cirewa, ga fensir zana min yadda sif ɗin ya haɗu da silin. Wanda ya yi aikin da kansa zai amsa ko da yana in-ina, wanda manhaja ta yi masa a tambaya ta biyu yake tsayawa, ba kya buƙatar wata na'urar gano AI, waɗannan ma ba abin dogaro ba ne kuma za ki iya zaluntar yaro da su.

Manyan malaman da ke cewa a hana ɗin, kada ki yi jayayya da su a taron sashe, ki gayyace su su zauna a teburin ranar kare aiki su yi tambayoyin da kansu, ki kuma roƙi wanda ya fi kowa tsauri a cikinsu ya karɓi makonni huɗun farko na awo da zanen hannu, don a nan ya fi ki gogewa kuma yaran na buƙatarsa. Mako mai zuwa ki sayi alli da tef guda biyar, ki ce kowa ya zo da hoton AI ɗin da ya fi burge shi, ku ture tebura gefe ku zana sha biyu sha biyu a ƙasa. Allah Ya taimaka Ya ba da sa'a, Malama.